Sirri ya rage, horo ya tafi: maganar bokaye da masu magani a Kano

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu magani a Kasuwar Kurmi ya san yadda cinikin yake tafiya. Ga sassaƙe an ɗaure dami-dami, ga saiwoyi a tule, ga gari ƙulli-ƙulli a leda, ga fatu da ƙahonni a rataye. Mai saye zai rage murya ya faɗi damuwarsa, mai magani ya juya ya ɗebo nan ya ɗebo can, ya ƙulle ya miƙo. In ka ce, "Baba, me da me ke ciki?" sai ya ce, "Yaro, wannan sirri ne, gadonmu ne. Kai dai ka sha da kunu." A nan maganar take ƙarewa, kuma yawancinmu mun yarda cewa haka ya kamata ta ƙare.

Ni ban yarda ba. A da, sirrin nan shi ne abu na ƙarshe da ake damƙa wa mutum bayan ya shekara da shekaru yana shan horo a hannun wanda ya iya. Yau horon ya zube, sirrin kaɗai ya rage, kuma shi ne mayafin da wanda bai iya ba yake lulluɓa da shi. Ra'ayina shi ne a raba sirrin gida biyu: wanda yake kare abincin mai sana'a a bar masa kayansa, wanda kuwa yake ɓoye abin da zai iya kashe mai sha ko ya raba shi da danginsa, a tone shi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware wani cakuɗe. Mutanen gari sukan haɗa mai ganye da boka da ɗan bori da malamin tsibbu da maye a kwando ɗaya. Mai ganye itatuwa ya sani. Boka yana haɗa itatuwan da da'awar hulɗa da iskoki da duba. Ɗan bori yana da girka da hawa. Malamin tsibbu yana aiki da allo da tawada da hatimi. Maita kuwa zargi ce da ake jifan mutum da ita, galibi tsohuwa marar gata, kuma babu makarantar da ake koyar da ita. Dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 216, ta hukunta wanda ya ce shi maye ne, ta kuma hukunta wanda ya zargi wani da maita. Mutane sun fi tuna rabin farko, suna mantawa da na biyu.

Sirri a wannan harka ya girmi ganuwar Kano. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a kan Dala, da wurin bautar Tsumburbura da aka kewaye da katanga, wanda ba mai shiga sai shi, aka kuma ce duk wanda ya shiga ban da shi mutuwa zai yi. Yakan shiga ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara. Ƙarfinsa duka yana cikin cewa ba wanda zai iya leƙawa ya gaskata ko ya ƙaryata. Irin wannan sirrin mulki ne a kan mutane. Daban yake da sirrin tsohuwar da ta san haɗin daurin jarirai ta ƙi gaya wa maƙwabciya don kada a raba ta da 'yan kwabbanta.

Bari mu dubi horon da ake yi wa mai magani na gado, don a ga abin da muka rasa. Yaro yana fara bin mahaifinsa daji tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, aikinsa ɗaukar gatari da buhu. Shekarun farko ba a koya masa maganin komai. Sunan itace ake koya masa, da yadda zai gane shi a kowane lokaci na shekara. Gane marke da maɗaci da ƙirya da hano lokacin damina, ganye kore shar, ba wuya. Gwanintar ita ce ka gane su da rani, sun kakkaɓe, ta launin ɓawo da ƙamshin sassaƙe da ɗanɗano a harshe, sannan ka sake gane su a kasuwa bayan sun bushe an daddatsa su. A nan kuskuren farko yake aukuwa, domin busasshiyar saiwa tana kama da 'yar uwarta, kuma wanda bai haƙo da hannunsa ba dole ya yarda da abin da dillali ya gaya masa.

Sai ladabin ɗiba. Ana cewa a sassaƙo gabas da yamma. Masu yi sukan ba shi fassara ta asiri, amma amfaninsa a fili yake: wanda ya ɗebi ɓangare biyu ya bar biyu bai yi wa itacen zobe ba, don haka ba zai mutu ba, baɗi ma a samu. Saiwa kuma ta gefe ake yanka, a bar uwar, a mayar da ƙasa a rufe. Ana shanya a inuwa, a kan tabarma ko rumfa, inda iska ke ratsawa. Wanda ya zuba ɗanyen sassaƙe a buhun leda ya ɗaure, bayan 'yan kwanaki zai tarar da fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da dafin da ke cin hanta. Dakawa ba ta kashe shi, tafasawa ma ba ta kashe shi. Garin da aka daka daga irin wannan kaya ba ya nuna komai a ido.

Bayan haka ne ake zuwa kan awo, kuma nan ne ainihin ilimin yake. Ma'aunin gargajiya yatsu uku ne, ko cikin tafin hannu, ko ludayi, ko moɗa. Ba su da daidaito kamar sikeli, shi ya sa ake daɗewa ana koyo, har hannu ya saba, ido kuma ya iya bambance abin da za a bai wa ƙato manomi da na tsohuwa da na yaron goye. Ƙarfin itace ma yana sauyawa: na damina daban da na rani, saiwa daban da ganye, jiƙo na dare ɗaya daban da abin da aka tafasa har ruwan ya koma rabi. Jiƙon da ya kwana uku a tulu cikin zafin Kano ya riga ya zama wani abu dabam.

Ɗauki filasko. Kaɗan daga ganyensa yana sassauta ciki. In aka zarce, sai murɗa da zawo har jiki ya bushe, abin da tsoho ko ƙaramin yaro ba zai jure ba, kuma wanda ya mayar da shi abin sha kullum hanjinsa yakan daina aiki sai da shi. Ɗauki kanwa, wadda ake jefawa a jiƙo iri-iri: gishiri ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki, tana wahalar da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ɗauki zaƙami, wanda ba a banza ake kiransa haukata-yaro ba. Tazarar da ke tsakanin abin da zai bugar da abin da zai kashe ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ƙarfinsa yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Alamunsa sanannu ne: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita, mutum ya shiga sambatu yana kama abin da babu. Wanda bai sani ba zai ce iska ce ta hau shi. Ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana ƙona shi. 'Ya'yan bini-da-zugu suna sa yara amai da zawo mai tsanani, 'ya'yan idon zakara kuwa in an tauna su dafi ne mai kisa.

Mai magani na ƙwarai ya san waɗannan duka, ya kuma san maƙari, wato abin da za a yi in magani ya yi yawa, da lokacin da zai ɗaga hannu ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa tsofaffi suke riƙe mahaɗi, wato abu na ƙarshe da ke kammala haɗin, ba sa faɗa sai sun ga hankalin yaro ya zauna. Wani sai yana kan gadon mutuwa yake faɗa. A wannan tsarin sirri birki ne, yana hana ƙaramin sani fita kasuwa, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Amma ko a lokacin yana da tsada: duk tsohon da ajali ya riske shi kafin ya faɗa, ya tafi da abinsa, magajinsa kuma ya ci gaba da sayar da rabin haɗi da sunan cikakke.

Ɓangaren bori da tsibbu ma suna da nasu horon, kuma faɗar haka ba yarda da su ba ne. Girka takan ɗauki mako ko fiye, ana killace mutum a hannun uwar girka ko uban girka, ana ba shi magani a abinci da wanka da turare, ana kaɗa garaya ko goge, a rufe da kwanan zaune. Bayan nan sai koyon taken kowane iska da kirarinsa da tufafinsa da dabbar da aka ce yana so, daga Sarkin Rafi da Ɗan Galadima zuwa Inna da Malam Alhaji. Malamin tsibbu kuma yakan yi shekaru yana koyon hisabin abajada, da cika hatimi (mafi sauƙinsa mai gida tara ne, wanda kowane layi yake ba da 15), da gidaje 16 na bugun ƙasa, da halwa, kuma ba ya aiki da laƙani sai da izinin wanda ya ba shi. Matsayina a nan a fili yake. Gaibu na Allah ne, hadisi ya tabbata cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, yanka don wanin Allah kuma shirka ne. Tsawon horo ba ya halatta abin da asalinsa haramun ne. Abin da nake so a lura shi ne ko a cikin wannan duniyar an san wane ne ya girka wane, wane ne ya ba wa wane izini, kuma akwai wanda za a kai wa ƙara. Yanzu ko wannan babu.

Abin da muke da shi yau shi ne mota da lasifika a bakin kasuwa, da jarkoki a bayan but, da magani ɗaya da aka ce yana warkar da basir da sanyi da taifot da ciwon suga da raunin mazakuta. Akwai kuma wanda ya tsinci laƙani a WhatsApp jiya, yau ya buɗe shafi a TikTok yana kiran kansa da sarauta. Bai taɓa haƙo saiwa ba. Gari yake saye a buhu, ya ƙulla a leda, in an tambaye shi ya ce sirri ne. Mafi muni shi ne masu daka ƙwayoyin bature su zuba a ciki don mai sha ya ji aiki nan take: maganin ciwon jiki irin su diclofenac, ko dexamethasone a maganin ƙiba da na sanyin ƙashi, ko sildenafil a maganin maza. Na farko in an daɗe ana sha yana huda ciki ya lalata ƙoda. Na biyu yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, kuma in aka daina shi farat ɗaya bayan an daɗe jiki yana iya faɗuwa. Na uku in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana sa jini ya sauka har mutum ya some. Mai sha yana zaton itace yake sha, don haka yana ƙara ludayi ba tare da fargaba ba.

Ga inda sirrin yake kisa. An kawo mutum asibiti, fitsari ya ɗauke ko ido ya yi rawaya. Likita ya tambayi me ya sha. 'Yan uwa sun ji kunya sun ce ba komai. In ma sun faɗa, abin da za su nuna baƙin ruwa ne a gorar lemo, ba suna, ba awo, ba adireshi. Likitan da ya san zaƙami ne ko ƙwayar ciwon jiki ce ya san inda zai dosa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta lalube, lokaci kuma yana tafiya. Mai maganin ma ba zai taɓa jin labari ba, don haka gobe zai sake bai wa wani. Wanda ya warke yana dawowa da tukuici da yabo, wanda ya mutu kuma a ce kwana ne ya ƙare. Sana'ar da ba ta jin labarin kurakuranta ba ta da hanyar gyaruwa.

Haka abin yake ga jinkiri. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, sa'o'i yake da su. Matar da ta rikice bayan haihuwa, da saurayin da ya fara jin muryoyi, da mai farfaɗiya, duk suna da magani a asibiti, ga asibitin masu taɓin hankali na Dawanau nan kusa. Kowane mako da aka ɓata ana hayaƙi a ɗakin da aka hana dangi shiga, cutar tana ƙara kafuwa ne.

Akwai wani sirrin da ya fi wannan duhu, wanda ake ɗora wa mai neman taimako. "Kada ki gaya wa mijinki. Kada mahaifiyarki ta ji. In kika faɗa aikin ya karye, kuma zai dawo kanki." Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin damfara. Da shi ake tatsar mace kuɗi, yau baƙar akuya gobe turaren da ba a samu sai a wurinsa, har ta sayar da sarƙa da gado. Da shi ake gaya mata kishiyarta ce ko uwar mijinta ta yi mata sammu, a kunna wutar da ba ta mutuwa a gida. Da shi kuma ake kai wasu ga abin da ba za su iya faɗa wa kowa ba har abada. Mace ba ta zuwa wurin nan don wauta. Takan je ne saboda rashin haihuwa ko tsoron saki ya matse ta, ba ta kuma sami mai saurarenta a gida ba. Amma ƙa'idar ba ta da togaciya: duk mai maganin da ya hana ka shawara da naka, ko ya nemi keɓewa da matar da ba muharramarsa ba, ba magani yake yi ba.

Masu magani na gaskiya suna da hujja, kuma tana da nauyi. Suna cewa in sun faɗi haɗinsu, mai kuɗi ko ɗan boko zai kwashe ya sa a kwalba ya yi arziki, su a bar su da tabarma. Tsoron nan ba na banza ba ne. Sai dai tarihinmu ya nuna cewa bayyana ilimin magani ba baƙon abu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na amfanin filasko, ya bar su kowa ya karanta. A zamaninmu kuma akwai Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta samar a shekarun 1990 daga haɗin wani mai maganin gargajiya ɗan jihar Oyo, bayan an yi yarjejeniya da shi a rubuce. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu, akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Kasuwancin maganin ya yi ta tangal-tangal daga baya, amma ya nuna ana iya buɗe sirri ga masu bincike ba tare da an share sunan mai shi ba.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana yi wa magungunan gargajiya rajista, lambarsu takan ƙare da harafin L. A san iyakar wannan lamba: tana nufin an gwada ba a ga cutarwa ba a awon da aka faɗa, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Kuma tsohuwa mai ganye a Kurmi ko Rimi ba ta da kuɗin gwaji ko ƙarfin zirga-zirgar ofis. Saboda haka gyaran dole ya fara daga ƙasa, daga ƙungiyoyin masu maganin kansu da sarakunan sana'a da masu unguwanni, hukumar lafiya ta jiha tana mara musu baya.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk mai sayar da abin da ake sha ya kasance an san wanda ya koya masa da shekarun da ya yi a hannunsa, a rubuce, da shaidar dattawan sana'a biyu, kamar yadda ɗalibin ilimi yake faɗar malamansa. Wannan ma hukuncin addini ne, domin hadisi ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ke da alhakin abin da ya faru. Kowane ƙulli ya fita da 'yar takarda, da boko ko da ajami, mai ɗauke da sunan mai shi da lambar wayarsa, da manyan itatuwan da ke ciki, da awo, da kwana nawa za a sha, da waɗanda bai kamata su sha ba. Yadda yake sarrafawa da mahaɗinsa ya riƙe abinsa, muddin mahaɗin ba dafi ba ne kuma ba ƙwayar kemis ba ce. In likita ya kira a kan marar lafiyar da ke kwance, a faɗa masa komai, shi kuma ya riƙe amana. Wanda aka kama da dakakkiyar ƙwaya a gari, 'yan sana'ar su fara korarsa kafin hukuma ta zo.

Sai kuma alamomin da ba a jinkiri a kansu, waɗanda ya kamata kowane mai magani ya haddace: jijjiga, sanƙarewar wuya, zubar jini ga mai ciki, rawayar ido, ɗaukewar fitsari, aman jini, da yatsun da suka yi sanyi ko suka sauya launi a ƙarƙashin karan ɗori. Na ƙarshen nan yana nufin an ɗaure da ƙarfi jini ya tsaya, kuma in ba a kwance cikin sa'o'i kaɗan ba, hannu ko ƙafar ce za a rasa. Asibitoci su ma su karɓi wanda mai magani ya turo ba tare da tsawa da gori ba, in ba haka ba gobe ba zai turo ba.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne na tsofaffin da suka rage. Jami'ar Bayero tana da masana tsirrai da masana haɗa magunguna da masana Hausa, duk a gari ɗaya da Kurmi. A zauna da waɗannan dattawa, maza da mata, a ɗauki bayaninsu, a ajiye samfurin kowane tsiro da sunansa na Hausa da na kimiyya, a rubuta awo da maƙari yadda suka faɗa. A yi shi da yarjejeniya a gaban shaidu, wadda ta ce bayanin mallakar mai shi ne da magadansa, ba a buga shi ko a sayar sai da izininsu, kuma in an samu riba suna da kaso sananne. Wanda ya ce ba zai faɗa ba sai bayan ransa, a karɓa a rufe a ambulan da sunan wanda ya zaɓa ya buɗe.